Tana ta ƙaurace wa garkar gidanmu, yaya zan dawo da ita?

Mai Garka, Ringim:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Iyayena da yayyena, shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja magana.

Garkar da nake aiki a cikinta ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, a bakin fadama take. Muna yara in an tura mu ban ruwa, ba ka sara fatanya sau uku ba ka ɗago tana ba. Yaran unguwa masu zuwa fatsa har roƙonsa suke yi ya bar su su tona a gindin ayaba. Ƙasar baƙa ce, in ka damƙa ka saki sai ta warwatse a hannu kamar dambu. Da sassafe za ka ga kashin tana ya yi tsiri-tsiri a bakin kowane kwami.

Shekara tara ke nan garkar na hannuna. Jiya na je gyaran wuri don dashen tumatir da albasa, na tona wuri shida, ko guda ɗaya ban gani ba. Ƙasar ta yi fari. In ta bushe sai ta daskare ta tsattsage, in na sako ruwa sai ya kwanta a sama kamar an zuba a faranti. Taki kuwa duk shekara sai na ƙara a kan na bara kafin in ga ganye ya yi kore yadda nake so.

Ga yadda nake aikina, ba zan ɓoye komai ba: in na gama ɗiba nakan tattara ganye da sauran itacen tumatir in cinna musu wuta, in yi feshin ciyawa, in ɗauki hayar ƙaramin injin huɗa ya niƙe wurin, sannan takin zamani, kamfa da yuriya. Shin a cikin waɗannan wanne ne ya kore ta? Kuma akwai inda ake sayar da ita in sayo in zuba?

Baban Auyo:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ɗana, ai ka ba kanka amsa da bakinka. Ka ƙone mata abinci, ka yaye mata mayafi, ka sa ƙarfe yana bi ta kanta duk shekara. Ko mutum aka yi wa haka ƙaura zai yi. Tambaya ɗaya zan yi maka: marigayi mangala nawa ta takin gida yake kai wa garkar nan kafin dashe, kai kuma nawa kake kaiwa?

Mai Garka, Ringim:
Baba, shi dai jakinsa ba ya hutawa tun daga kaka. Ni kuwa rabona da kai takin gida an fi shekara biyar, tun da muka sayar da shanun.

Ɗan Kadawa:
Baba a gafarce ni, amma ni maganar nan ba ta shige ni ba. Mu nan tun da aka sako mana ruwan Tiga iyayenmu ke noma sau biyu a shekara da takin zamani, mu ma a kai muka tashi. Ban taɓa ganin wanda ya cika kwando saboda tana ba. Abin da na sani game da ita ɓarna ce. Takan huda bakin kwami, ka tare ruwa da yamma ka dawo ka tarar ya zurare. Bara ma akwai layin tumatir da ya yi ta yaushi alhali da ruwa a gindinsa, da na tuge na ga saiwar duk ta yi ƙulli-ƙulli, ga tana nan har biyu a jikin ƙasar. In ba ita ba, wa ya yi?

Yaya Mai Garka, shawarata ka ƙara buhu ɗaya na kamfa ka huta.

Malamin Gona mai ritaya, Birnin Kudu:
Sannunku da ƙoƙari. Ƙanena na Kadawa, bari in fara da tumatirinka, domin wannan zargin na sha jin sa a bakin manoma tun ina yawon ƙauyuka da babur.

Tana ba ta da haƙori, ba ta iya cizon ɗanyar saiwa. Abin da ya riga ya mutu ya fara ruɓa shi take haɗiya tare da ƙasa, kuma akwai ƙundu a cikinta irin na kaza, a nan take niƙa shi da 'yan ƙwayoyin yashi. Ƙullin da ka gani a saiwa aikin wata tsutsa ce daban, ƙanƙanuwa ƙwarai, ido ba ya ganinta sai da madubin ɗakin bincike. Masana na ce mata nematod. Ita ke shiga cikin saiwa ta sa ta kumbura, ruwa ya kasa hawa, shuka ta yi yaushi da rana ko da wurin a jiƙe yake. Tumatir, tattasai, yalo da kuɓewa duk abincinta ne, shi ya sa in kana maimaita su a wuri ɗaya shekara da shekaru take yawa. Ka tsallake wurin da masara ko dawa ko alkama. Tanar da ka gani a gindin ta zo cin saiwar da ta riga ta ruɓe ne, sai ka iske ta a wurin ka ɗora mata laifin wani.

Maganar huda bakin kwami kuwa gaskiyarka ce, ba zan musa maka ba. A gonar shinkafa inda ake son ruwa ya kwanta, ramin tana a jikin kunya asara ce. Amma ka duba koken Mai Garka: shi ruwansa ne ya ƙi shiga ƙasa. Abin da ya dame ka a shinkafa shi yake nema a albasa. Ramukan nan nata su ne hanyar ruwa da iska, kuma saiwa takan bi su ta nutsa ba tare da wahala ba.

Sai kashinta. An sha auna shi, kuma yakan fi ƙasar da ke kewaye da shi sinadaran da shuka ke iya zuƙa nan take, irin su naitirojin da fosfaras da fotashiyam. Sai dai kada wani ya fahimce ni a karkace. Ba ƙirƙiro su take yi ba. Abin da ka ba ta shi take sarrafawa ta miƙa wa shuka. In ba ka ba ta komai ba, ba ta da abin ba ka. Kuma yawancin ƙasar tudu a Kano da Jigawa ruɓaɓɓen abin da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan ita ce ainihin cutar. Rashin tana alama ce kawai, kamar yadda zazzaɓi ke nuna akwai ciwo a jiki.

Ɗan Kadawa:
To Malam, kana nufin mu bar takin zamani ke nan?

Malamin Gona mai ritaya, Birnin Kudu:
A'a, ban ce ba, kuma duk wanda ya ce maka haka a wannan ƙasa tamu bai yi maka adalci ba. Cewa nake kada ya zama shi kaɗai. Yuriya in ana zuba ta ita kaɗai shekara bayan shekara takan sa ƙasa ta yi tsami, tana kuwa ba ta son ƙasa mai tsami. In ka haɗa da takin gida, shi kansa takin zamanin ya fi zama a wurin, ba ya bin ruwa ya wuce.

Amma a cikin abubuwan da Mai Garka ya lissafa, wuta da injin huɗa sun fi taki laifi nesa ba kusa ba. Ku lura da balbela in ana huɗa. Me take bi a bayan injin? Abin da ƙarfe ya tono ya yanka ya bari a rana shi take tsinta.

Hajiya Mai Zogale, Gwarzo:
Assalamu alaikum. Ni ba ni da garka, ɗan fili ne a bayan ɗaki inda nake zogale da alayyahu da yakuwa, amma tana kam ina da ita, ban kuma taɓa sayenta ba. Wurin da muke alwala da inda ruwan randa ke ɗiga, nan na fara ganinta. Sai na riƙa zuba sharar tsakar gida a gindin zogalen maimakon in kai juji: ganyen darbejiya, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, da abin da awaki suka tattake a turke. Yanzu ko ina ka ɗaga sharar za ka gan ta. Abu ɗaya na kiyaye, ruwan wanki mai sabulu da ruwan da aka wanke tukunyar miya mai gishiri ba na bari ya bi ta nan. Na taɓa ganin yadda ta fito tana birgima da ruwan sabulu ya same ta, tun daga ranar na raba musu hanya.

Mai Shanu, Dambatta:
Hajiya kin kyauta da kika ambaci turke, domin nan gizo ke saƙar. Ana ta cewa a rufe ƙasa, a rufe ƙasa. Da me? Harawar wake da ta gyaɗa in bazara ta yi kuɗi ce tsaba, har daga birni ake zuwa saye. Karan dawa kuwa ga danni, ga girki, ga shanu. Wa zai shimfiɗa harawa a ƙasa don tsutsa ta ci alhali sansa na kuka? A ba mu shawarar da talaka zai iya.

Baban Auyo:
Ba wanda ya ce ka hana sa ka ba tana. Ka ba san ya ci, ita kuma ka kai mata abin da ya fito. Haka iyayenmu suka yi, shi ya sa gonakin karkarar Kano suka shekara aru-aru ana noma su ba hutu ba su mutu ba. Abin rufi kuwa ka nemi wanda dabba ba ta so. Ɓuntun shinkafa tuli guda a bayan injinan casa. Ganyen mangwaro da na darbejiya da ake sharewa a ƙona a makarantu da masallatai. Tsohuwar jinka in an sauke ta. Ƙaiƙayin gero a masussuka. Ciyawar da ka cire da hannunka ma, in ba ta yi 'ya'ya ba, ka kwantar da ita a inda ka cire ta.

Kuma garka ba gona ba ce. Kwami nawa ne duka? Ba hekta za ka rufe ba.

Mai Shanu, Dambatta:
Wannan na yarda, Baba. Ɓuntu da ganye ba su tsone wa kowa ido ba.

Masunci, Haɗeja:
Mu da muke nemanta don ƙugiya mun fi kowa sanin gidanta. Ba ma tona a fili. Gindin ayaba, bakin rijiya, ƙarƙashin tsohon juji ta gefen inuwa, gaɓar kogi inda ganye ya taru. Da rani in ka tona zurfin kamu ɗaya ko fiye a fadama za ka same ta ta nannaɗe kamar ƙullin zare a cikin ɗan ɗaki mai santsi, ba ta motsi, kai ka ce ta mutu. Ruwan fari na sauka sai ta warware. Saboda haka Yaya Mai Garka, tun da a bakin fadama kake, ina kyautata zaton ba ta ƙare ba. Tana nan a gefen shinge ko bakin rijiyarka inda injin ba ya kaiwa. Ka je ka duba can kafin ka ba kowa kuɗi.

Ɗalibin Noma, Jami'ar Bayero:
Iyayena sannunku. Ina so in ƙara kan maganar saye, domin akwai ruɗani a nan. Tana ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ke zaune a sama cikin ruɓaɓɓen ganye da taki, ba ta nutsawa. Akwai wadda ke yawo a cikin ƙasa tana cin ƙasar. Akwai kuma mai haƙa rami mai zurfi ta riƙa fitowa da dare tana jan ganye ciki. Wadda ake sayarwa don kiwo ta kashin farko ce. In ka saye ta ka zuba a busasshen kwami, kwana kaɗan za ta yi, domin ba nan ne gidanta ba. Ita a cikin taki take rayuwa.

Abin da ya ba ni mamaki da na karanta shi ne, ɗaya daga cikin irin da aka fi kiwo a ƙasashe masu zafi, har Indiya da Filifin, asalinta ta Afirka ta Yamma ce. Sunanta a littafi Eudrilus eugeniae, doguwa ce mai duhun ja da ƙyalli. Ta fi jin daɗi a zafin maki 25 zuwa 30 a ma'aunin Salsiyas. Ƙwanta kan ƙyanƙyashe cikin kamar mako biyu, kuma kafin wata biyu 'ya'yan sun isa haihuwa. Kowace tana guda tana ɗauke da halittar namiji da ta mace, amma duk da haka biyu ke haɗuwa, sannan kowace ta ajiye ƙwai.

Wani abu kuma: maganar da muke yi muna yara cewa in ka raba ta biyu za ta zama guda biyu ba haka ba ne. Ɓangaren kai wani lokaci yakan rayu ya sake jela, ɗaya ɓangaren mutuwa yake yi. Don haka injin huɗa ba ƙara mata yawa yake yi ba.

Ɗan Kadawa:
Yaro ka yi karatu, Allah ya ƙara basira. Amma maki 25 zuwa 30 ka ce? Ka zo Kadawa a watan Afrilu ka taka ƙasa ba takalmi.

Malamin Gona mai ritaya, Birnin Kudu:
Nan ma ka faɗi gaskiya, kuma shi ne abin da nake so kowa ya riƙe. Yawancin abin da ake rubutawa kan tana daga wuraren da ruwa ya wadata yake fitowa. Ko a nan Najeriya, binciken da ya yi suna kan rufe ƙasa da rage huɗa a Ibadan aka yi shi, a cibiyar binciken noma ta IITA, inda wani masani ɗan asalin Indiya, Rattan Lal, ya yi aiki daga 1970 zuwa 1987. Sun ga inda aka bar sauran amfani a kan ƙasa tana ta fi yawa, ruwa ya fi shiga, zaizaya ta ragu. Amma daminar Ibadan ta kusa ninka tamu tsawo. Mu wata huɗu ne in ta yi kyau, sannan a Afrilu zafi ya haura maki 40.

Tana da fatarta take numfashi, ba ta da huhu. Fatar na bushewa ta mutu. To ka ga ke nan a wurinmu ba ko'ina za ta zauna ba. Garka, lambu, fadama, bayan ɗaki irin na Hajiya, inda hannun mutum ke kai ruwa da rani. Kuma a nan ɗin ma sai da rufi. Ka sa hannunka a ƙasar da ke fili da azahar, sannan ka cusa shi ƙarƙashin tarin ganye. Ba sai an kawo maka ma'auni ba.

Mai Gero, Maigatari:
To mu na tudu fa, Malam? Rairayi ne zalla, ruwan sha ma da ƙyar. Ni tun da nake ban taɓa ganin tana a gonata ba. Gara dai kam ga ta nan.

Malamin Gona mai ritaya, Birnin Kudu:
Kada ka wahalar da kanka neman tana a jigawar Maigatari. Aikin da take yi a wuri mai laima, a wurinku gara ce ke yin sa. Maƙwabtanku na Nijar, wajen Tawa da Illela, suna da abin da suke kira tassa, a Burkina Faso kuma zai. Da rani ake haƙa ƙananan ramuka a fako, faɗin kamar taƙi ɗaya, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasar ta ko'ina, ruwan sama na sauka ya taru a ramin ya bi hanyoyinta ya nutse, a shuka gero ko dawa a ciki. Wani manomi na yankin Yatenga, Yacouba Sawadogo, da wannan dabara ya mayar da fako daji tun daga shekarun 1980. Ya rasu a 2023.

Mai Gero, Maigatari:
Malam, gara fa ta taɓa cinye min gyaɗa a tsaye. Ni ba na gayyatarta.

Malamin Gona mai ritaya, Birnin Kudu:
Akwai irin da ke yin haka, musamman in fari ya kama shuka ta raunana. Ban ce kowace gara abokiya ce ba. Ka gwada a gefen da ya riga ya zama fako, inda ba ka da abin asara, kuma da gero, ba gyaɗa ba.

Mai Kaji, Wudil:
Bari in faɗi abin da ya same ni don kada wani ya maimaita. Na yanka tsohon duro gida biyu, na huda ƙasansa, na tara tana daga bakin kogi ta yi kusan rabin gwangwani, na zuba musu kashin kajin gidan gonata ɗanye, ina ganin gata na yi musu. Washegari wari ya cika wurin, duron ya ɗau zafi, ba wadda ta rayu. Abin ya dame ni ƙwarai. Daga baya na gane ɗanyen kashin kaji ya yi musu ƙarfi. Karo na biyu kashin shanu na sa wanda ya kwana biyu a juji ya huce, na gauraya da busasshen ganye, na jiƙa daidai yadda in ka matse a hannu ɗigo ɗaya ko biyu zai fito, na rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara a ƙarƙashin mangwaro. Wannan ya yi. Abokan gabarsu a wurina cinnaka da kaji ne. Ƙafafun bencin da na ɗora duron a cikin gwangwanayen ruwa suke.

Bazara ce dai har yanzu ke ba ni tsoro. Duron ƙarfe ne.

Hajiya Mai Zogale, Gwarzo:
Ɗana, me ya kai ka ƙarfe ga tukunyar ƙasa? Ka manta tukunya cikin tukunya da ake ajiye tumatir da alayyahu? Babba a waje, ƙarama a ciki, jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Malamin nan Mohammed Bah Abba da ya koyar a Dutse ai da ita ya samu lambar yabo ta duniya a shekarar 2000. Abin da ya hana alayyahu yaushi ina ganin zai sanyaya wa tana. Ka dai huda ƙaramar ta ƙasa don kada ruwa ya kwanta.

Mai Kaji, Wudil:
Wallahi Hajiya ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ranar Juma'a kasuwarmu ke ci, zan nemi masu tukwane.

Ɗalibin Noma, Jami'ar Bayero:
Ba a taɓo maganar feshi ba. Maganin ƙwarin nan da ake barbaɗawa a gindin shuka, kabofuran, yana cikin waɗanda suka fi kashe tana. Haka wasu magungunan ruɓar ganye, irin kabendazim da masu sinadarin tagulla in an yawaita. Maganin ciyawa kuwa babbar illarsa a nan ita ce yana barin ƙasa tsirara, ba inuwa ba abinci. Sannan masu sayen takin shara daga birni, a tsince batir da leda da kwalba kafin a watsa.

Baban Auyo:
A ƙara da toka. Kaɗan magani ce, in ta yi yawa a wuri ɗaya ƙuna ce.

Mai Garka, Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Yau da asuba na bi maganar Masunci na tona a bakin rijiya ta gefen gwaiba. Guda huɗu na gani a sara biyu. Wallahi sai da na zauna a wurin na ɗan jima, mahaifinmu ya faɗo min a rai.

Ga abin da na yanke. Kwami huɗu na kusa da rijiyar ba zan sa musu injin ba, da fatanya zan sassauta sama kawai. Zan sa takin turke da ya huce, baro ɗaya a kowane, in dasa albasa, in rufe tsakanin layi da ɓuntu da ganye. Huɗu na gefensu zan yi musu yadda na saba. Kamfa iri ɗaya duka. Zan dawo in faɗa muku abin da na gani.

Malamin Gona mai ritaya, Birnin Kudu:
Madalla. Kaurin rufin ya kai yatsa uku zuwa huɗu, kuma kada ya taɓa jikin shukar, ka bar ɗan fili. Ɗanyen ɓuntu a sama za ka bar shi, kada ka cusa shi cikin ƙasa, in ka binne shi zai riƙe takin da shuka ke buƙata kafin ya ruɓe. In za ka ƙirga, ka yanki ƙasa taƙi ɗaya ta kowane gefe da zurfi, ka baje a kan buhu, da safe bayan ban ruwa da kwana ɗaya. Ka yi haka a ɓangarorin biyu.

*(bayan wata uku)*

Mai Garka, Ringim:
Assalamu alaikum. Na zo cika alkawari. Na yi ƙirga yadda Malam ya ce, rami uku a kowane ɓangare. Inda na rufe: biyar, uku, bakwai, yawanci ƙanana, har da wasu 'yan ƙwai masu kama da ƙwayar dawa. Inda ban rufe ba: babu, babu, ɗaya. Kwamin da ya fi kusa da rijiya shi ne mai bakwai.

Abin da ya fi ƙirgar faranta min rai shi ne ruwa. Ɓangaren da ke fili duk kwana uku sai na ba shi, wanda na rufe yana kai biyar, kuma in na sako ruwan shigewa yake yi. Man inji ya ragu. Girman albasar dai ban ga wani bambanci mai yawa ba tukuna, ba zan yi muku ƙari ba.

Matsala biyu. Kajin maƙwabta sun gano wurin, sai da na ƙara ƙaya a shinge. Sannan sau biyu ina ganin kunama a ƙarƙashin ganyen, yanzu ba na barin yara su sa hannu, da sanda ake ɗagawa.

Ɗan Kadawa:
Ka ga dai albasar ba ta fi ba, maganata ta fito. Amma kwana biyar maimakon uku, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen fetur. Ina da wani gefe da ruwan kwata ba ya kaiwa sai da inji, zan gwada tattasai a nan. A shinkafa dai ba na son ganinta har gobe.

Baban Auyo:
Shekara tara aka yi ana korarta, ɗana na Kadawa, ba a wata uku albasa za ta nuna ba.

Mai Garka, Ringim:
Malam, tambayar da ta rage: in na cire albasa a Maris wurin zai zauna ba shuka har ruwa ya sauka. Yaya zan yi da su?

Malamin Gona mai ritaya, Birnin Kudu:
Kada ka kwashe rufin, ƙara shi za ka yi, ganyen albasar ma ka bar shi a nan. Kada wuta ta kusanci wurin. In da hali ka shuka kuɓewa ko yakuwa a kwami biyu na kusa da rijiyar, su ba da inuwa, ruwan da za ka ba su ya ishi na ƙasa. Sauran biyun ko sau ɗaya a mako ka jiƙa su da yamma. Waɗanda suka nutse su nannaɗe kamar yadda Masunci ya faɗa, ka ƙyale su, kada ka tona don dubawa. Ka sake ƙirga a Agusta.

Ɗan Kadawa:
Yaya Mai Garka, ɓuntun nan buhu nawa ya ci maka a kwami huɗu? Nan Kura ga shi nan jibge a bayan injina, gobe zan tura yaro da amalanke.

Mai Garka, Ringim:
Buhu uku, da ganyen mangwaro buhu biyu a kai don iska kada ta kwashe. Ka jiƙa shi da zarar ka shimfiɗa.